Wasiƙa Zuwa ga Aminina da Ya Sayi Zarton Lantarki

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarku da ta ishe mu. Saƙonka ya iso ni, har da hotunan zarton lantarkin da ka saya, na hannu mai faifai. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce kana so ka haɗa wa yara kantar littattafai da hannunka, don na daɗe ina faɗa maka kana da hannun aiki.

Amma hoto na biyu shi ya sa na ajiye waya na zauna rubuta maka wannan doguwar wasiƙa, don maganar ta fi ƙarfin saƙon layi biyu. Na ga ka ɗora dogon katako a kan benci biyu, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, ka ja layi da fensir a tsakiya, inda babu komai a ƙasa. Don Allah, in ba ka riga ka yanka ba, ka dakata. Wannan shirin da ka yi shi ne ya bar min tabo a cinyata ta dama, tabon da ka sani, wanda ka taɓa tambayata dalilinsa na ce maka tsautsayin aiki ne. Ba tsautsayi ba ne. Kuskure ne da yake da sanadi, kuma da an bayyana min sanadin tun farko, da ban same shi ba.

Ka fara sanin abin da kake riƙe da shi. Faifan irin zartonka faɗinsa milimita 184 ne, wato inci bakwai da kwata, kuma yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. In ka lissafa, bakin faifan yana gudun da ya wuce kilomita 170 a awa. In haƙoransa 24 ne, to haƙori 2,000 ke ratsa katakon a kowace daƙiƙa. Babu hannun da yake da saurin janyewa daga wannan. Kafin ƙwaƙwalwarka ta ce maka wani abu ya faru, an riga an gama. Saboda haka duk kariyar da za ka yi wa kanka, kafin ka danna makunni za ka yi ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da ke faruwa da katakon da aka tokare baki biyu aka yanka a tsakiya. Da farko komai na tafiya daidai, zarto na ci, gari na zuba. Yayin da tsagar ta yi nisa, katakon da ya rage bai isa ya riƙe nauyin ba, sai tsakiyar ta fara lotsawa ƙasa. Da ta lotsa, sai leɓɓan tsagar na sama su haɗe, su damƙe faifan. Faifan ya tsaya ko ya kusa tsayawa, amma injin bai daina ba da ƙarfi ba, ƙarfin nan kuwa dole ya sami inda zai fita. Tunda haƙoran suna tura katako gaba ne, in sun kasa tura shi, sai zarton kansa ya taso baya, wajen wanda ke riƙe da shi. Haka nan in faifan ya karkace a cikin tsagar, haƙoran baya, waɗanda suke gangarowa ƙasa, sai su kafe a saman katakon, su ɗaga zarton sama su jefo shi baya. Mu a wurin aiki cewa muke zarto ya yi tutsu, kamar yadda doki ke yi, kuma sunan ya dace da shi.

Ranar da ya yi min, ina tsaye ne daidai bayansa, ƙafata a kan layin yankan. Na ji ƙarar injin ta canza, ta yi nauyi, kamar yana nishi. Maimakon in saki makunni, sai na ƙara turawa, don saura ɗan taƙi in gama. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne zarton a ƙasa, wandona a yage, jini na bin ƙafata. Allah ya taƙaita, murfin faifan ya riga ya fara rufewa, gefen haƙora ne kawai ya same ni. Likitan da ya ɗinke ni ya nuna min inda babbar jijiyar jini ta bi ta cikin cinya, ba nisa da wurin. Har yau in na ji ƙarar zarto ta yi wannan nauyin, ko a hannun wani ne, sai gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, yadda za ka yi shi ne haka. In dogon katako ne za ka datse, ka ɗora ɓangaren da kake so a kan benci, ka matse shi da ƙarfen matse katako har ya zama ko ka girgiza shi ba ya motsi, sannan ka bar guntun da za a yar ya leƙo waje, babu abin da ya tare shi. In ka gama yanka, guntun zai faɗi da kansa, tsagar tana buɗewa yayin da yake faɗuwa, faifan yana samun sarari. Faffaɗan gefen tafin zarton, wato farantin da ke ƙasansa mai zama a kan katako, ya zauna a kan ɓangaren da aka matse, ba a kan wanda zai faɗi ba. Kada ka sa kowa ya riƙe maka guntun. Mai riƙewa yakan ɗaga shi ba tare da ya sani ba, don yana ganin taimako yake, ɗagawar nan kuwa ita ke rufe tsagar. In guntun dogo ne mai nauyi, ko kuwa faffaɗan allo ne irin filawud, to ka shimfiɗa wasu katakai a ƙasa, biyu a kowane gefen layin, ɗaya kusa da layin, ɗaya kusa da baki, ta yadda in an raba allon kowane rabi zai zauna inda yake, ba lotsawa, ba faɗuwa. Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum kafin in kunna: in faifan nan ya fita ta wancan bakin, ina kowane ɓangare zai tafi? In ban san amsar ba, ba na yanka.

Kada ka taɓa riƙe katako da hannu ɗaya kana yanka da ɗayan, kada kuma ka ɗora shi a gwiwarka ko ka take shi da ƙafa. Na sha ganin ana yi, har da waɗanda suka girme ni a sana'a, kuma na san yawancin lokuta suna tsira. Ni dai na halarci jinyar waɗanda ba su tsira ba. Hannayenka biyu su kasance a kan zarton, ɗaya a mariƙin baya, ɗaya a na gaba. Hannun da ke kan mariƙi faifai ba ya samunsa. Jikinka kuma ya kauce gefe, kada ya daidaita da layin faifan, don in ya yi tutsu ya wuce ta gefenka.

Sai zurfin faifai, wanda kusan duk sabon mai zarto ke mantawa da shi. A bayan zarton akwai ɗan hannun da ake sassautawa a ɗaga tafin ko a sauke shi. Ka cire fulogi, ka jingina faifan a gefen katakon, ka saita shi yadda abin da zai leƙo ta ƙasa bai kai tsawon haƙori guda ba, ɗan milimita kaɗan kawai. Faifan da aka sake shi duka yana da fili mai yawa a cikin tsagar da katako zai damƙa, kuma yana da haƙora tsirara a ƙasa inda idonka ba ya gani, inda kuma murfi ba ya karewa. Shi ya sa ba a kai hannu ƙarƙashin katako ana yanka, ko da don taro guntu ne.

Wajen farawa, ka ɗora gaban tafin a kan katako, haƙora ba su taɓa shi ba, ka kunna, ka bari ya kai cikakken gudunsa, sannan ka tura a hankali. Kunnenka shi ne malaminka. In ƙarar ta yi nauyi, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga ka kauce daga layi, ka saki makunni, ka riƙe zarton a inda yake ba motsi har faifan ya tsaya cak. Kada ka ja shi baya yana juyawa, kada kuma ka murɗa shi don ya koma kan layi, zarton nan miƙaƙƙen yanka kawai ya sani. Bayan ya tsaya ka duba abin da ya matse shi. In za ka ci gaba, ka daidaita faifan a tsakiyar tsagar, ka tabbata haƙora ba su kafe a katako ba kafin ka sake kunnawa.

Yanzu murfin. Wannan murfin na ƙasa mai sifirin, wanda ke janyewa in zarto ya shiga katako ya kuma rufe in ya fito, shi ne ya bar min ƙafata. Za ka haɗu da masu ce maka yana hana ganin layi, ka ɗaure shi da waya ko ka cusa masa tsinke. Kada ka saurare su, ko su wane ne. Kowace rana kafin ka fara, fulogi a cire, ka ja murfin da ɗan hannunsa ka sake shi. In ya koma nan take da ƙarfi, madalla. In ya yi jinkiri, to garin katako ne ko ƙaro ya cushe shi, ko sifirin ya gaji, kuma ba a aiki da shi sai an gyara. Dalili kuwa, sakin makunni ba ya nufin faifai ya tsaya. In zartonka mai birki ne zai tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku, in ba shi da birki yakan ɗauki lokaci yana juyawa. Zarton da aka ajiye a ƙasa faifansa na juyi murfi a buɗe, tafiya yake yi da baya a kan haƙoransa, yana yanka duk abin da ya tarar, wayarsa ce, ƙafarka ce, ko ta yaron da ya zo kallo. Mutane da yawa bayan sun gama yanka suke jin ciwo, lokacin da hankali ya riga ya kwanta.

Tunda na ambaci yara: in kana yanka, kada su kasance a wurin, in ka gama kuma ka cire fulogi ko batir ka kulle zarton inda hannunsu ba ya kai.

Wajen canza faifai ma fulogi a cire, ba kashe makunni kawai ba. Akwai kibiya a jikin faifan da wata a jikin murfin, dole su fuskanci wuri ɗaya. Ramin tsakiyar faifan ya dace da sandar injin daidai, ba lilo, kuma gudun da aka rubuta a jikin faifan kada ya gaza na zarton. Faifai mai dakushi ko mai karyayyen haƙori ka cire shi, don dakushi ke sa mutum turawa da ƙarfi, turawar kuma ke kawo tutsu. Ka duba katako, musamman tsoho, ka zare ƙusoshi. Ɗanyen katako da mai kulli sun fi matse faifai, ka bi su sannu. Abu ɗaya kuma da nake roƙonka da girman zumuncinmu: kada wani ya ba ka shawarar ɗaura faifan katako a jikin injin yankan ƙarfe na masu walda, wanda ake kira giranda. Ƙananansu suna juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba su da tafin da zai zauna a kan katako, ba su da murfin da ke rufewa. Munanan raunukan da na gani a rayuwata, mafi yawansu daga nan suka fito.

Ka sa tabarau na aiki masu kare gefen ido, na karatu ba su isa ba. Ka toshe kunnuwanka, don ƙarar zarton nan in yana ci takan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 ake fara gargaɗi, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ka sa takunkumin ƙura mai kyau, ka yi aikin inda iska ke shiga. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Riga mai faɗin hannu, agogo, zobe, duk ka cire. Wayar zarton ta bi ta bayanka, kuma kada ka yi aiki a jiƙaƙƙen wuri. In ka gaji ko ranka a ɓace yake, ka bar yankan sai gobe, katako ba ya gudu.

Ba na fatan ka buƙaci wannan, amma ka karanta wa maiɗakinka ita ma ta sani. In an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga gaɓar sama, a nufi asibiti ba tare da ɗaga tsumman ana leƙawa ba. In yatsa ya rabu da hannu, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ƙanƙarar ta taɓa naman kai tsaye. Wani lokaci likitoci kan iya mayar da shi in an isa da wuri. Shi ya sa ma nake so a farkon nan kada ka yi yanka sai da babban mutum a gida.

Kafin ka taɓa katakon kantar, ka sami gutsattsarin da ba ka buƙata ka yi yanka goma ko ashirin a kansu, har kunnenka ya saba da ƙarar zarton in yana ci lafiya. Sannan ka sake shirya bencinka yadda na faɗa, ka ɗauki hoto ka turo min kafin ka kunna. Ka ɗauko shi ta gefe, yadda zan ga ƙasan katakon da inda za ka tsaya. Ko da tsakar dare ne zan duba in ba ka amsa.

Ka gaida min maiɗakinka da yara ƙwarai da gaske. Allah ya tsare, ya sa albarka a aikin, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka