Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Gyaran Filin Shan Iska Na Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa ta ban girma, mu talakawanka mazauna wannan unguwa ta birnin Kano, dattawa da iyaye mata da matasa, mun rubuto ne a kan ɗan filin da ke tsakanin makarantar firamare da masallacin unguwa, wanda labari ya iso mana cewa ƙaramar hukuma tana shirin gyarawa. Mun yi farin ciki da wannan labari ƙwarai, domin mun daɗe muna roƙon a waiwayi wurin. Kokenmu shi ne a zauna da mu, a ji ta bakinmu, kafin a zana taswirar aikin ko a ba da kwangilarsa.

Ranka ya daɗe, baƙo zai iya wucewa ta gefen filin nan bai ga komai ba sai ƙura da awaki, amma mu a nan muka tashi. Akwai tsohon durumi a kusurwar gabas, wanda dattawa ke shimfiɗa tabarma a gindinsa bayan sallar la'asar, kuma a wannan inuwa aka sha sasanta rigimar maƙwabta tun ba ta kai gaban Mai Unguwa ba. Idan an tashi daga Islamiyya, yara maza su ja layi da ƙafa a ƙasa su kafa duwatsu biyu a matsayin raga, 'yan mata kuma su koma gefe suna carafke da 'yar gala-gala har a kira magariba. Yawancin gidajenmu a yau na haya ne, ɗaki ɗaya ko biyu, ba tsakar gida, kuma uba mai 'ya'ya da yawa ba ya iya kai su Gidan Zoo na Audu Bako sai da Sallah, idan ma aljihu ya yarda. Wannan fili shi ne tsakar gidan da ya rage mana.

Ba mu ɓoye cewa wurin ya lalace ba. Kwatar da ke gefensa ta toshe da leda da yashi, saboda haka da zarar ruwan Agusta ya sauka sai rabin filin ya zama tafki, ruwan ya yi kore, sauro ya hana mu barci, zazzaɓi ya bi gida gida. A daminar da ta wuce mun ga uwa ta saɓa yaronta a kafaɗa tana gudu zuwa kemis, jini na zuba daga tafin ƙafarsa, domin ya taka fasasshiyar kwalba a cikin taɓo. Da dare kuwa duhu ya mai da wurin matattarar masu shaye-shaye, har mata sun daina ratsawa ta nan bayan isha'i.

Abin da ya sa muka kasa yin shiru shi ne tsoron irin gyaran da ke raba mutane da abinsu. Idonmu ya ga yadda a sassa da dama na birnin nan aka cike kududdufai, aka yanka filayen wasa, aka jera shaguna a wuraren da a da jama'a ke shan iska. Muna roƙon kada a sare bishiya ko ɗaya, musamman durumin nan, kada a shafe filin duka da daɓen intalok, domin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, daɓen kan ƙona ƙafar yaro, kuma ba ya barin ƙasa ta sha ruwa. Haka nan kada a kewaye shi da doguwar katanga a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, kada kuma a gutsuri gefensa a gina shaguna da sunan samar da kuɗin kula da shi, domin daga shago ɗaya ake fara rasa fili.

Idan za a bi shawararmu, a fara da magudanar ruwa, a yashe ta, a gina ta da siminti, a cike kwarin da ruwa ke kwanciya. Duk abin da aka ƙawata kafin wannan, damina ɗaya za ta cinye shi. Daga nan sai fitilu masu amfani da hasken rana, da rijiyar burtsatse wadda za a sha, a yi alwala, a kuma shayar da dashe. Muna son a ƙara darbejiya da maɗaci da tsamiya, a dasa su a farkon damina, a kewaye kowace da raga ko tubali, domin mun sha ganin dashe ya ƙare a bakin awaki cikin mako guda. Iyayenmu mata sun nemi a keɓe musu kusurwa mai kujerun siminti da ɗan shinge, kusa da inda za a kafa lilon ƙananan yara, yadda uwa za ta zauna cikin sutura idonta na kan ɗanta. Matasa ba su nemi komai ba illa a baje musu wurin ƙwallo a bar shi ƙasa. A kuma yi mashiga marar matakala saboda tsofaffi da masu keken guragu, da banɗaki na maza daban na mata daban.

Allah ya taimake ka, abin da muke nema ba sabon abu ba ne a doka. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna, filayen jama'a, magudanan ruwa da fitilun titi a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Don haka muna roƙon ka taimaka mana a sa hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ta auna filin, ta kafa duwatsun iyaka, a rubuta shi a matsayin filin al'umma, a ajiye kwafin takardar a fadarka da kuma wurin Mai Unguwa. Wannan takarda ta fi mana lilo da fitila muhimmanci, domin ita za ta kare wurin bayan ba ma nan.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Mun amince za mu kafa kwamitin kula da filin wanda zai ƙunshi liman, wakilan dattawa, mata, matasa da 'yan sintiri. Za mu riƙa fitowa aikin gayya duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, mu share, mu yashe kwata, kuma kowane layi zai ɗauki nauyin shayar da bishiyoyin da ke gabansa har su kafu.

Muna roƙon ka isar da wannan koke ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma da kansilan mazaɓarmu, ka kuma sa mana rana a yi zama a gindin durumin nan bayan la'asar, a kawo taswirar aikin a yi mana bayaninta da Hausa, kafin a sauke tifa ɗaya ta yashi a wurin.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da ɗaukaka, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwa, waɗanda sa hannunsu ke haɗe da wannan takarda.