Rahoton Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaurin Abin Hannu na Zare

Assalamu alaikum Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan'uwa.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, ban da watan azumi.

Abin da muka sa a gaba bana shi ne sauri. Duk wadda ta taɓa ɗaura abin hannu mai zanen kan kibiya ta san dalili: in sili takwas ne, kowane layi ƙulli bakwai ne, kowane ƙulli kuma zarge biyu. Sai ki ɓata yamma guda kan abin hannu ɗaya, mai saye kuma ya taya shi kuɗin da bai kai wahalar ba.

Allah ya kawo mana mafita a aikin 1 ga Oktoba, lokacin da wata makaranta ta nemi mu yi wa ɗalibanta kore da fari, ga lokaci ya ƙure. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ce ta zo da dabarar faifan kwali, wadda ta yi kama da kitson zare na Japan da ake kira kumihimo. A yanka kwali zagaye, a huda tsakiya, a tsaga bakinsa wuri takwas, a sa zare bakwai. Daga tsagar da babu zare ki ƙirga uku, ki ɗauke na ukun ki mayar cikinta, ki juya faifai, ki sake. Ba ƙulli ko ɗaya. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Hajiya, aka raba aiki: wasu na yankan zare kamu bibbiyu, wasu na juya faifai, wasu na ɗaure baki. Iyayenmu da ido ya sa suka daina ƙulli tuni, ranar su suka fi kowa cika kwando, suna yi suna hira ba sa ko duban hannunsu. Mun kai kaya kafin ranar, an biya mu cif. Waɗanda suka zauna har bayan isha'i, Allah ya saka muku da alheri.

Amma kada a ce faifai ya kashe ƙulli. Igiya zagayayya kawai yake fitarwa, ba ya rubuta suna. Mai faɗi sai hannu, kuma a nan abin da ya rage mana lokaci shi ne kafe aikin da fil a jikin matashi, da naɗe kowane sili a guntun kwali don kada ya harɗe, da zaɓen zare mai kauri in mai saye ya yarda.

Sai batun da ake ta tambayata. Shagon da muka yi alkawari ba a kama ba, sarin zare daga Kasuwar Sabon Gari ma bai yiwu ba. Ba sakacin kwamiti ba ne. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba, zare kuma ya tashi, sai muka riƙa saye kaɗan-kaɗan da tsada. Littafin zanen abin hannu da muke haɗawa ya tsaya ne saboda mai zana mana ta tare a wani gari, na nemi mai karɓa har yau shiru.

Ni da ma'aji mun gaji da bin gidaje. Ana ganin saƙo a WhatsApp ana wucewa, amma ranar rabon ribar Oktoba har waɗanda muka manta fuskarsu sun iso. Wadda ke cikin matsi ta faɗa mana a asirce, za a ɗaga mata ƙafa. Shirun ne ke da ciwo.

Littafin bashi yana hannun ma'aji har ƙarshen wata. Maganar cire sunayen da ba sa zuwa kuma ba sa biya za ta zo a taro na gaba. Kowa ta taho da almakashinta da kwali.

Sakatariya