Zuwa ga mutumina na Kumasi, kan katun ɗin su Michael Jackson

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya amarya da yaran? Fatan kasuwa tana tafiya. Nan Kano lafiya lau sai zafi, su Hajiya suna gaishe ka, wai tunda ka koma Kumasi ka manta da mutane.

Dalilin wannan wasiƙar kar ka yi dariya, katun ne. Ka tuna na 'yan Jackson 5 ɗin nan, mawaƙan Amurka, da muke kallo a kaset ɗin bidiyon da kawu ya taho da shi daga Ingila, mu cika falo maƙil har da yaran maƙota a taga, in an ɗauke wuta kuma mu zauna tsugune muna jira kaset ɗin yana maƙale cikin injin? To na ci karo da shi a YouTube kuma wallahi sai da na kai ƙarfe biyun dare.

Ashe abin ya girme mu sosai. A 1971 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna shi ranar Asabar da safe, kamfanin Rankin/Bass ne suka yi shi tare da kamfanin waƙa na Motown, kuma gaba ɗaya kashi 23 ne kacal, mu da muke ganin kamar ba ya ƙarewa. Yaran biyar ne 'yan garin Gary a jihar Indiana, Jackie da Tito da Jermaine da Marlon sai autansu Michael mai ɓeraye biyu, Ray da Charles, da macijiyarsa Rosie wadda ƙanwarka take rufe ido in ta fito.

Sai ka shirya, yau zan raba gardamar da ka shekara kana yi min. Kai ne mai rantsuwa cewa Michael ne da kansa yake magana a ciki. To ba shi ba ne malam! Wasu daban aka ɗauko suka yi muryoyin duka biyar ɗin, su lokacin suna can suna yawon wasa gari gari. Waƙoƙin ne kawai nasu na gaske, daga faifan Motown aka ɗauko su aka ɗora. Mawaƙiya Diana Ross ce dai ta yi muryar kanta a kashin farko. Don haka tsiren da muka sa a kai ina bin ka, har da kuɗin ruwa.

Gaskiya da idon yanzu zanen ba wani abin a zo a gani ba ne, rawa ɗaya ce ake ta maimaitawa, ƙafa ta tafi hagu ta dawo dama, labarin ma sau da yawa shirme ne kawai don a samu a kai wajen waƙa. Talla ce ta sayar da faifai, tunda a 1970 kaɗai waƙoƙinsu huɗu suka hau lamba ɗaya a Amurka. Amma da zarar kiɗan ya tashi, launuka suka fara juyawa, furanni da taurari suna ta fitowa ta ko'ina, sai ka manta da duk wannan. Kuma ni abin da ya fi kama ni tun a lokacin, yara ne baƙaƙe irinmu da tulin gashi da wando mai buɗaɗɗen ƙafa, su ne taurarin ba 'yan rakiya ba, alhali sauran katun ɗin daga kyanwa da ɓera sai turawa. Shi ya sa ka ƙi aski wata biyu har Baba ya kai ka wajen wanzami da kansa.

Na nuna wa yarana, babban ya ce hoton ya yi dishi-dishi ya koma kan wayarsa, ƙaramar ce ta tashi tana taka rawa. Ka ji Tito ma ya rasu a 2024 ko? Michael kuwa tun 2009.

Zan tura maka ta WhatsApp, ka gwada wa naka yaran ka faɗa min ya suka yi. In za ka shigo da babbar Sallah ka sanar da ni da wuri, kuma ka riƙo min goro mai kyau.

Naka har kullum.