Bluesky ta samu ci gaba, amma ba wurin ajiye sirri ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan manhajar Bluesky, wadda sunanta ke fitowa duk lokacin da aka tayar da zancen dandalin sada zumunta da zai iya maye gurbin X, wato tsohuwar Twitter. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin matasanmu suna cakuɗa abubuwa biyu mabambanta, suna ɗaukar cewa muddin dandali ba ya hannun kamfani guda, to sirrin mai amfani da shi a rufe yake.

Ci gaban da wannan ƙaramin kamfani ya samu ba abin musu ba ne. A watan Disamba na 2019 ne Jack Dorsey, lokacin yana shugabancin Twitter, ya sanar da aikin, sannan a 2021 aka damƙa ragamarsa a hannun Jay Graber, ya kuma zama kamfani mai cin gashin kansa. Manhajar ta fito a wayoyin iPhone a Fabrairun 2023, ta Android ta biyo baya a Afrilu, amma sai wanda aka gayyata ke iya shiga har zuwa Fabrairun 2024, lokacin da aka buɗe ƙofa ga kowa. Da kotun ƙolin Brazil ta dakatar da X a ƙarshen Agustan 2024, 'yan ƙasar suka yi ta tururuwa zuwa can, kuma bayan zaɓen Amurka na Nuwamba masu rajista suka haura miliyan 20.

Ba yawan jama'ar ne ya fi jan hankalina ba, tsarin da aka gina manhajar a kansa ne, wanda ake kira AT Protocol. An tsara shi ta yadda mutum zai iya ɗauke asusunsa daga sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan masu asusu, ya mayar wata sabar, ko ma tasa ta kansa, ba tare da ya rasa sunansa da rubuce-rubucensa da mabiyansa ba, kamar ɗan haya da zai tashi da kayansa duka, maƙwabta kuma su ci gaba da sanin inda yake. Ɗan Najeriya ya fi kowa sanin darajar wannan. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter a Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasar, masu ƙananan sana'o'i da 'yan jarida sun shafe wata bakwai suna shiga ta VPN, manhajar da ke kauce wa toshewar. Gwamnatin ta buɗe asusu a Koo, wata manhajar Indiya, wasu suka bi ta can, sai ga Koo ɗin ta rufe a Yulin 2024, duk mabiyan da mutum ya tara suka bi ruwa.

To amma wannan magana ce ta mallaka, ba ta sirri ba. Duk abin da mutum ya wallafa a Bluesky a bainar jama'a yake, kuma da gangan aka yi haka, domin kowace sabar da kowace manhaja su iya karanta shi. Waɗanda mutum yake bi, da rubutun da ya nuna yana so, har ma da jerin mutanen da ya toshe, duk mai ɗan ilimin kwamfuta yana iya zaƙulo su. Saƙonnin akwatin sirri da aka ƙara a Mayun 2024 ma sun fito ba tare da irin kullen da ke hana kowa karantawa sai mai aikawa da mai karɓa ba, ma'ana kamfanin na da hanyar ganinsu. Haka lamarin yake a Mastodon, wata manhajar sada zumunta da ita ma ba ta hannun kamfani guda, wadda Eugen Rochko ya ƙirƙira a Jamus a 2016, inda mai kula da sabar zai iya leƙa saƙon da aka tura wa mutum ɗaya. Abin mamaki, manhajar aika saƙo ta Signal, wadda masana tsaro suka fi yabawa wajen rufa asirin saƙo, tana gudana ne a ƙarƙashin gidauniya guda da ke riƙe da sabobinta.

Ko batun cewa dandalin ba ya hannun kamfani guda ma, a ganina, har yanzu alkawarin ya fi aikin yawa. Mafi rinjayen masu asusu suna kan sabobin kamfanin, da manhajarsa suke shiga, shi ne kuma ke tace abin da suke gani. Shi ya sa a Afrilun 2025, da hukumomin Turkiyya suka matsa, aka hana masu amfani da manhajar a ƙasar ganin wasu asusu. Kamfani ne kuma da ya karɓi jarin dala miliyan 15 a Oktoban 2024, masu zuba jari kuwa ba sadaka suka bayar ba. Sannan babu wani tsari irin wannan da zai amfani mutum idan aka kashe layukan sadarwa baki ɗaya, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani a Satumban 2021.

Saboda haka, Malam Edita, shawarata ita ce jaridarka ta buɗe asusu a Bluesky, ta yi amfani da adireshinta na intanet a matsayin sunan asusun, tunda tsarin ya ba da damar haka, kuma hakan zai toshe kafar masu buɗe shafukan bogi da sunanta. Amma a ja kunnen wakilanka, musamman masu ɗauko rahoto kan matsalar tsaro, kada su yi hira da majiyoyinsu ta akwatin saƙon Bluesky. Signal ce ta dace da wannan aikin.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Zariya