Rahoton Ayyukan Zauren Al'adunmu na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, iyayen ƙungiya maza da mata, 'yan uwa membobi na gida, da waɗanda neman abinci ya kai Kano da Abuja da Legas kuke bin mu ta WhatsApp. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, magatakarda ne ke kawo bayanin abin da aka yi a zaure cikin shekara, sannan ma'aji ya biyo baya da lissafin kuɗi a takardarsa. Wanda ya ƙosa ya ji nawa aka tara, nawa aka kashe, ya ɗan yi haƙuri, ba a aljihuna suke ba.

Zan fara da ginin kansa, don shi ya fi cin lokacinmu da yawun bakinmu. Kun san daminar 2023 ta bar mana soron da tsaga a kusurwar gabas, azara biyu sun ruɓe, indararo ɗaya ya karye ruwa yana bin bango. Tun Janairu aka rabu gida biyu. Samari suka ce a rushe, a sa bulo da kwano, a huta da yaɓen kowace shekara. Dattawa suka ce zauren da ake koya wa yara al'ada a cikinsa, in aka lulluɓe shi da kwano, me ya rage a nuna musu? A lokacin ina bayan samari, ba zan ɓoye ba. Akwai ma alkawarin bandir ɗin kwano da wani bawan Allah ya yi mana lokacin yaƙin neman zaɓe, har yau muna jiran motar da za ta sauke shi. A ƙarshe kasuwa ce ta raba gardamar. A watan Fabrairu buhun siminti ya haura naira 10,000, kowa ya yi lissafi a ransa ya yi shiru.

Bayan ƙaramar Sallah, kafin ruwan farko, Mai Gari ya sa aka yi shela, aka fito gayya. An haƙo ƙasa a kududdufin yamma, aka jiƙa, aka cuɗa da ramno, aka bar ta ta kwana uku, don Sarkin Gini ya ce ƙasar da ba ta kwana ba yaudara ce. Azarar giginya kawai muka saya, saboda gara ba ta cika damun ta ba. Makuba kuwa iyayenmu mata ne suka tara mana ɓawon ɗorawa gida-gida, aka jiƙa aka shafe bango. Samarin da suka fi kowa ɗaga murya a kan kwano su ne suka hau soro suka yi ta caɓe curin ƙasa har rana ta faɗi, a yaba musu. Duk wanda ya shiga zauren nan da azahar a watan Mayu ya kuma leƙa ajin firamare mai kwano, ya san wanda ya fi sanyi. Damina ta zo da ƙarfi, ko ɗigo bai yi ba.

Sai daɓe, kuma a nan nake roƙon ku saurare ni da kyau. Daɓe aikin mata ne. Aka baza tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, suka jeru da madaɓai, tsohuwar nan da duk garin ke kira Iya ta zauna a bakin ƙofa tana ba da waƙa suna amshi, madaɓi yana sauka daidai da amshin. Tun hantsi har la'asar ban ji ta maimaita waƙa ɗaya ba. Akwai ta habaicin kishiya, akwai ta zambon rago, akwai wata da ta jero sunayen rijiyoyi da unguwannin garin nan, har da waɗanda yanzu gona ce a wurinsu. Ina tsaye a waje tare da maza, waya tana aljihuna. Na ce a raina hayaniya ta yi yawa, gara mu same ta a gida a natse mu ɗauka da kyau. Ruwa ya sauka, kowa ya shiga gona. A watan Yuli Iya ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Da aka share makoki muka tara matan da suka yi daɓen, sai muka tarar amshi kawai suka riƙe. Baitocin sun tafi da mai su. Laifin nawa ne kafin na kowa, kuma na ce a rubuta shi haka a littafin ƙungiya.

Wannan ne ya sa kwamiti ya zauna ya yanke cewa ɗaukar muryar tsofaffi ya zama aikin farko na zaure, gaba da kowane biki. Ba ya cin kuɗi: waya, katin ajiya, goro da ɗan sabulun gaisuwa. 'Yan mata biyu masu sakandare suna shiga wurin iyayenmu mata, samari biyu suna zama da dattawa bayan la'asar. Kowace hira ana ajiye ta wuri biyu, ɗaya a zaure, ɗaya wurin wani membanmu a Kano, kuma ba a sa muryar kowa a WhatsApp sai da izininsa.

Abin da ke fitowa daga bakinsu ya fi ƙarfin wannan rahoto. Dattawanmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, don haka muka ɗauki malamin firamare ɗaya yana daidaita mana. In Baba ya ce shekarar da mota ta koma hannun dama, 1972 ke nan. In ya ce shekarar da fam da sule suka tafi naira ta zo, 1973, kuma a wannan tsakanin ne aka yi babban farin da ya kashe dabbobi. Shekarar da cuta ta cinye gyaɗa, 1975. Mutum uku daban-daban sun ba mu labarin yadda ake kai gyaɗa tashar Ringim a kan jakai, jirgin Kano zuwa Nguru ya ɗiba, da yadda ma'auna ke danne sikeli da ƙafa. Wani ya kawo takardun kakansa na ajami a cikin gafaka, har da takardar bashin gero da shaidu. Mun ɗauki hotonsu mun mayar masa da abinsa. Ina roƙon duk mai irin wannan a gida kada ya ji tsoro, zaure ba ya riƙe takardar kowa.

In koma farkon shekara. Daren tatsuniya na hunturu ya gudana kowace Alhamis da dare, ranar da babu makarantar allo. Yara sun cika, amma masu ba da tatsuniyar su ne suka yi ƙaranci, kullum gwaggo biyu ne, har yara suka haddace gizo da ƙoƙin nasu suna riga su faɗa. An ƙara da kacici-kacici da karin magana. Gasar dara ta dattawa ta ƙare ba tare da gwani ba, saboda an yi musu a kan ko an ci da jeri uku ko an goge gurbi da ƙafa. Hukunci yana wurin Mai Gari har yanzu.

A Fabrairu mun kai ɗaliban aji shida Birnin Kudu su ga zanen da ke jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Hanya ta yi nisa, mota ɗaya ce, an matsu. Amma wani yaro daga rugar arewa da gari ya tsaya gaban zanen ya ce wa malaminsu, waɗannan shanun ba su da tozo. Haka ne kuwa, ba irin shanunmu na yau ba ne, kuma mu manya mun wuce ba mu lura ba. An kuma buga musu duwatsun nan masu ƙara kamar ƙararrawa. Tafiya ta biyu da muka shirya zuwa Gidan Makama a Kano ba ta yiwu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota bai sauko ba, kafin ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin zafi. Da aka kai goma ga wata zaure ya buɗe wa 'yan tashe, da sharaɗin sai an idar da tarawihi kuma a tashi da wuri, kamar yadda Malam Liman ya nema. An yi Jatau mai magani, an yi tsoho da gemu, 'yan mata sun yi Mairama da Daudu. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne wanda yaran unguwar maƙera suka ƙirƙira da kansu, na mai POS da layin jiran kuɗi, yana ta cewa babu netwok. Wasu sun ce wannan ba tashen gargajiya ba ne. A ganina shi ne tashen, don na dā ma da abin da ke damun mutanen zamaninsu suka yi shi. Gwagwaren gari sun sha kiɗa kamar kullum, biyu daga ciki sun yi aure kafin Babbar Sallah, ba mu ce mu ne sanadi ba.

Damina ba ta bar mu mun yi wani abin kirki ba. A farkon Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta jawo dokar hana fita a jihar Jigawa, daga baya ambaliya ta taɓa gonakin fadama da gidajen wasu membobi. Mun buɗe zaure iyalai suka fake har suka gyara ɗakunansu. Taron Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, wanda muka so haɗawa da cikar Jigawa shekara 33 washegari, ya koma ɗan zama na yamma, aka karanta rubutattun waƙoƙi aka watse kafin hadari.

Kalankuwa mun sa ta ƙarshen Oktoba. Sai ga abin da ya faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga wata, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Babu gidan da ke ƙasar Ringim da abin bai taɓa ba, ko ta dangi, ko ta auratayya, ko ta abokin ciniki a kasuwar Gujungu. Ba wanda ya kawo maganar ganga. Aka yi saukar Alƙur'ani a zaure, aka tara abin da ya sawwaƙa, wakilanmu suka je ta'aziyya. Allah ya jiƙansu, ya ba masu jinya lafiya.

Sai a Disamba aka yi bikin, wuni ɗaya maimakon uku. Sarkin Noma ya jagoranci nunin amfanin gona: damin gero, dawa, riɗi, zoɓo, wake. Abin da nake so a ci gaba da shi shi ne musayar iri. Dattawa sun fito da zango da maiwa, kaura da farfara, da waken kanannado, irin da samari da yawa suka bari saboda sabon iri mai saurin nuna. Kowa ya kawo tiya ya tafi da tiyar wani, ba a taɓa kuɗi ba, kuma mun rubuta wa ya ɗauki me, don baɗi mu ji yadda ya yi. Sarkin Maƙera ya kafa zuga-zugi a fili, ya ƙera lauje a gaban yara tun daga guntun ƙarfen mota har ƙota.

Kokawa ce ta ba mu ciwon kai. Makaɗa da lasifika da janareta da abincin baƙi sun cinye mafi yawan abin da muka tara a shekara, kamar yadda za ku ji daga ma'aji. Ga shi an tashi da rigima a karon ƙarshe, kan ko gwiwar ɗan wasan ƙauyen maƙwabta ta taɓa ƙasa, har sai da 'yan sintiri suka shiga tsakani. Washegari Mai Gari ya tura aka ba da haƙuri, magana ta mutu. Shawarar kwamiti ita ce baɗi kokawa ta tsaya a kan 'yan gida da ganga ɗaya, in kuma 'yan uwanmu na birni suna son babba, su ɗauki nauyinta daban. Za a kaɗa ƙuri'a a kai.

Iyayenmu mata sun kawo koke, kuma gaskiyarsu ne. Su suka tara makuba, su suka yi daɓe, su suka yi girkin kowane taro, amma a kwamiti kujerarsu ɗaya ce, kuma ana sa zama bayan isha'i lokacin da ba za su fito ba. Sun nemi kujera uku, da yammacin Asabar ya zama nasu a zaure don saƙar faifai da tabarma da koya wa 'yan mata gaɗa. Kwamiti ya amince da Asabar. Maganar kujeru ta shafi tsarin ƙungiya, sai babban taro.

Muna godiya ga Mai Gari da Malam Liman, da malaman firamare, da membobin waje da suka saya mana ƙaramar sola, wadda ta yi mana rana a ƙarshen Oktoba da Arewa ta yi fiye da mako babu wutar lantarki, rabin gari a zaure yake cajin waya. Masu bashin kuɗin wata sun san kansu, ban karanta suna ba bana.

Abubuwa uku ke gaban babban taro: kokawa, kujerun mata, da zaɓen wanda zai riƙe kundin muryoyi, don bai kamata ya zauna a hannun magatakarda shi kaɗai ba. Akwai tsofaffi a jerinmu da ba a kai gare su ba, biyu daga ciki ba su da lafiya, da su za a fara a makon nan ba sai an jira taro ba. Duk mai kaka ko kakan da ya san waƙar niƙa, ko kirarin farauta, ko tarihin wata rijiya, ya same ni bayan sallar Juma'a. Wanda kuma ya ari bencin zaure guda biyu don bikin suna tun watan Maulidi, don Allah ya dawo da su kafin ranar taro, a kansu dattawa za su zauna.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya