Wasiƙa zuwa ga ɗana Habibu

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Bayan haka, na ji an ɗauke ka aikin rabon abinci ga 'yan gudun hijirar Mali a arewacin jihar Tawa. Allah ya sa albarka. Na san ka da son gardama a kan Azawad, sunan da 'yan aware ke kiran arewacin Mali, shi ya sa na ce bari in ja maka kunne.

Za ka tarar da Abzinawa da Larabawa, a idon baƙo duk rawani ɗaya ne, amma ciki ba ɗaya ba. A 2012 ƙungiyar 'yan awaren Abzinawa, MNLA, da ƙarfin mayaƙan da suka dawo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi, ta ayyana ƙasar Azawad ranar 6 ga Afrilu. Ba a yi wata uku ba masu iƙirarin jihadi suka kore ta daga Gawo. A 2014 MNLA ta haɗa kai da wata ƙungiyar Abzinawa, HCUA ta su Alghabass Ag Intalla, da wani ɓangare na ƙungiyar Larabawa, MAA, suka kafa ƙawancen 'yan aware, CMA. Ɗaya ɓangaren na MAA kuwa ya tsaya da Bamako, tare da ƙungiyar Abzinawa GATIA ta Janar El Hadj Ag Gamou. Ka ga Balarabe na harbin Balarabe, Ba'abzine na harbin Ba'abzine. Gamou ɗan Imghad ne, sarautar Kidal kuma ta Ifoghas ce, dukansu dangogin Abzinawa ne, tsakaninsu akwai tsohuwar jayayya ta wa ke sama wa ke ƙasa, wadda ta girmi duk waɗannan tutocin. Ga kuma rikicin rijiyoyi da hanyoyin fasa-ƙwauri, abin da ba a faɗa a rediyo.

Dukansu sun sa hannu a yarjejeniyar Aljeriya ta 2015, yawancinta ta tsaya a takarda. A 2021 maƙiyan jiya suka shiga inuwa guda, ƙawancen da ake kira CSP, da yaƙi ya dawo a 2023 suka sake watsewa. Sojan Mali da 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, suka ƙwace Kidal a Nuwamban shekarar, a Janairun 2024 Bamako ta soke yarjejeniyar, ƙarshen 2024 kuma 'yan awaren suka narke cikin ƙungiya guda, FLA. Mu nan Nijar sulhunmu na 24 ga Afrilun 1995 ya fi nasu ƙarko, ko da yake an sake tawaye a 2007. Har Ba'abzine, Brigi Rafini, ya yi shekara goma yana firaminista.

Don haka kada ka tambayi kowa ɓangarensa, kada ka yabi wata ƙungiya ko ka zage ta, ko da a wurin shan shayi ne. Kada ka kira mutum ɗan tawaye don rawaninsa. Da yawa daga yankin Menaka 'yan Da'ish ne suka koro su a 2022, sun binne nasu kafin su tsallako. Ka goge tutoci da bidiyon yaƙi daga wayarka, don a shinge ana duba waya. Rabo ka bi kati, ko wane dattijo ya roƙe ka.

Hanyar Tiliya kuma, inda aka kashe mutum 137 a Maris ɗin 2021, kada ka bi ta kai kaɗai ko bayan la'asar. Ka riƙa kiran mahaifiyarka duk Juma'a.

Mahaifinka.