Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Daraktan UNESCO: A Je Wa Tsofaffin Karkara Tun Suna Da Rai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan tsofaffin karkara, maza da mata, waɗanda suka haddace tarihin garuruwansu da sirrin sana'o'insu, kuma kullum ana binne su da abin da suka sani.

A 1960, a taron wannan hukuma ta ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kake jagoranta, marubuci Amadou Hampâté Bâ na ƙasar Mali ya kwatanta rasuwar tsoho da ƙonewar ɗakin karatu. An maimaita maganar har ta zama adon jawabi, gobarar kuwa tana nan tana ci.

Ban raina ƙoƙarinku ba. Yarjejeniyar kare al'adun gado ta 2003, wadda ta fara aiki a 2006, ta ɗaga darajar sana'o'in da a da ake yi wa kallon ƙauyanci. A 2018 an sa fasahar gina katangar dutse ba laka ba siminti cikin jerinku na al'adun gado, a 2019 kuma aka sa ƙaurar makiyaya da dabbobinsu ta Austriya da Girka da Italiya. Madalla. Sai dai shiga jeri ba ya kawo wa maƙeri almajiri. Takardar yabo tana rataye a ofis a babban birni, shi kuwa mai sana'ar yana zaune a ƙauye, 'ya'yansa sun tafi birni neman abin yi.

Abin da ya fi damuna shi ne, labari da waƙa a cikin aiki suke zaune. Waƙar niƙa tana tafiya ne da motsin hannu a kan dutse. Ranar da injin ya shigo gari, ita ma ta yi shiru. Ba mai hankalin da zai ce mata su koma durƙuso a gaban dutse, wahala ce, Allah ya raba su da ita. Amma a cikin waƙar nan akwai sunayen kakanni, da shekarar yunwa, da kukan da mace ba ta iya furtawa a fili. Haka masunci ya san sunan kowane lungu na kogi da lokacin da ba a taɓa kifi saboda yana ƙwai. Makiyayi ya san rijiyar da ba ta ƙafewa. Tsohon da ya san inda iyakar gona ta tsaya, da wanda ya ara wa wa, sau da yawa shi ne katangar da ke tsakanin gidaje biyu da rigima. Idan ya rasu, shari'a ce ta shekara da shekaru.

An taɓa yin maganin wannan, kuma da araha. Ƙasar Ailan ta kafa hukumar tattara adabin baka a 1935. Daga 1937 zuwa 1939 sai ta tura yara 'yan firamare fiye da 50,000, daga makarantu kusan 5,000, su zauna gaban kakanninsu da maƙwabta su rubuta tatsuniyoyi, magunguna, sunayen gonaki da yadda ake sana'a. An samu shafuka wajen 740,000, yau ga da yawa daga cikinsu a intanet kowa na karantawa. Da littafin rubutu da alƙalami aka yi wannan, balle yanzu da waya mai ɗaukar murya ta kai ƙauyuka. Ribar ma biyu ce, domin yaron da ya tambayi kakarsa ya riga ya ji da kunnensa.

Japan kuma, a ƙarƙashin dokarta ta kare kayan al'adu ta 1950, tana tantance gwanayen sana'o'in gargajiya, tana ba su tallafin kuɗi don su koyar da na baya.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa hukumarka ta ja hankalin ma'aikatun ilimi su ware ko da zangon karatu ɗaya ne don irin aikin Ailan, a harshen da tsofaffin ke magana, da izininsu, da sunayensu a jiki. A bar kwafi a makarantar ƙauyen, kada manazarta su kwashe komai su kulle a jami'a. Gwanin da ya karɓi almajiri kuma a biya shi, a biya almajirin. A fara da waɗanda suka haura shekara 80, tun a wannan shekara.

Na gode, Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani mai kishin adabin baka